Karayar Gaɓar Yatsa Tare da Gocewa: Hanyoyin Tiyata da Sakamakonsu

Gabatarwa

Hannu shi ne jarin mai neman na kansa. Da shi manomi yake riƙe fartanya, makiyayi ya ja igiya, tela ya zura zare a allura, uwargida ta tuƙa tuwo, malami kuma ya riƙe alƙalami. Duk da haka, idan yatsa ya yi rauni, akasarinmu mukan ɗauke shi ƙaramin abu. A ja shi, a shafa man zafi, a ce targaɗe ne zai wuce. Sau da yawa kuwa yakan wuce ɗin. Amma akwai wani nau'in rauni da yake kama da targaɗe a ido, alhali ƙashi ya karye a cikin gaɓa, gaɓar kuma ta goce daga mazauninta. Idan aka bar irin wannan rauni ya yi makonni ba a gano shi ba, yatsan yakan sandare, ya karkace, ya riƙa ciwo har tsawon rayuwa.

Mun tsara wannan bayani domin amfanin jama'armu na karkara, da hakimai, dagatai, masu unguwanni, kansiloli da ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomi. Za mu bayyana yadda raunin yake, lokacin da yake buƙatar tiyata, irin ayyukan da likitoci suke yi, da abin da ya kamata majinyaci ya sa rai da shi bayan aiki.

Ƙirar Yatsa

A kowane hannu akwai ƙasusuwa 27: takwas a wuyan hannu, biyar a tafi, 14 a yatsu. Babban yatsa yana da ƙashi biyu, sauran yatsun huɗu kuwa uku-uku ne. Saboda haka kowane ɗaya daga cikin huɗun nan yana da gaɓoɓi uku: gaɓar tushe inda ya haɗu da tafi, gaɓar tsakiya, da gaɓar ƙarshe da ke kusa da farce.

Gaɓar tsakiya ita ce ta fi shiga wannan matsala, kuma ita ce ta fi wuyar gyara. Tana buɗewa tana rufewa ta fuska ɗaya kamar ƙyauren ɗaki. Likitoci suna auna motsinta da digiri. Miƙaƙƙen yatsa yana kan sifili, digiri 90 kuwa shi ne tanƙwarar da ta yi daidai da kusurwar bangon ɗaki. Lafiyayyar gaɓar tsakiya takan tanƙware har digiri 100 ko sama da haka kaɗan, wannan ne yake ba mutum damar dunƙule hannu ya damƙi ƙotar gatari.

Abubuwa huɗu ne suke riƙe da wannan gaɓa. Na farko, guringuntsi mai santsi da ya lulluɓe bakin ƙasusuwan biyu domin su riƙa zamewa a kan juna ba tare da gogayya ba. Na biyu, jijiyoyi biyu masu ƙarfi a gefe da gefe. Na uku, wani kakkauran tantani a ɓangaren tafi, wanda yake hana yatsa lanƙwasewa ta baya. A nan za mu kira shi tantanin tafi. Na huɗu, leɓen ƙashin tsakiya na ɓangaren tafi, inda tantanin nan yake manne. Wannan leɓe aikin waigi yake yi. Idan ya karye, jijiyoyin da ke motsa yatsa sai su ja ƙashin tsakiya ya zame ta baya.

Yadda Raunin Yake Faruwa

Galibi yakan faru ne idan wani abu ya bugi kan yatsa daidai lokacin da yake miƙe, ko kuwa aka lanƙwasa shi ta baya da ƙarfi. A yankunanmu, sanadin da aka saba gani sun haɗa da faɗuwa daga kan babur, ƙwallo ta bugi yatsan mai tsaron gida, sa ko jaki ya fizge igiyar da aka naɗe a hannu, igiyar guga ta kuɓuce a bakin rijiya, kokawa da dambe, da kuma bel ɗin injin niƙa.

Raunin gaɓar tsakiya iri uku ne:

1. Gocewa ta baya. Leɓen ɓangaren tafi ya karye, ƙashin tsakiya ya hau ta bayan hannu. Wannan shi ne mafi yawa.

2. Gocewa ta gaba. Leɓen baya ya ɓalle tare da jijiyar da ke miƙar da gaɓar. Ba a cika samunsa ba, amma idan aka yi sakaci da shi gaɓar tsakiya takan tanƙware ta ƙi miƙewa, ta ƙarshe kuma ta ɗage sama.

3. Rugurgujewa. Gindin ƙashin tsakiya ya farfashe gaba da baya, tsakiyarsa ta lotsa. Shi ne mafi muni.

Alamomi da Taimakon Farko

Alamomin su ne kumburi a gaɓa, zafi mai tsanani idan an taɓa, karkacewar yatsa, da kasa tanƙwara shi ko miƙe shi. Muna jawo hankalin jama'a ga wani kuskure da ya yaɗu, wato cewa idan mutum yana iya motsa yatsa to bai karye ba. Haƙiƙa yatsan da ya karye a gaɓa yana iya ɗan motsi. Haka kuma yatsan da aka ja ya koma daidai a filin ƙwallo yana iya sake zamewa a cikin kumburi ba tare da kowa ya lura ba.

Kafin a kai ga asibiti, ga abin da ya dace a yi:

1. A cire zobe nan take, tun kumburi bai hana ba.
2. A ɗaga hannun sama da ƙirji.
3. A ɗora tsumma mai sanyi, ko ƙanƙara da aka naɗe a ƙyalle.
4. A haɗa yatsan da na kusa da shi a ɗaure sako-sako.
5. Idan fata ta yage, a wanke da ruwa mai tsabta a rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada a zuba toka, ƙasa, kashin shanu ko man birki.
6. Kada a yi ta ja ana murzawa. Kowane ja yana iya ƙara farfasa ɗan guntun ƙashin da likita zai buƙata wajen gyara.

Idan yatsan ya yi fari fat ko ya fara baƙi, ko ya yi sanyi, ko ya mutu ba a jin taɓi, ko kuma ana hango ƙashi ta cikin rauni, to a tafi asibiti a ranar, ko da dare ne. Buɗaɗɗen rauni yana buƙatar wanki a ɗakin tiyata, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da allurar rigakafin cutar sarƙe haƙora.

Binciken Asibiti

Hoton ƙashi ne kaɗai yake bambanta targaɗe da karayar gaɓa. Sai dai hoton hannu gaba ɗaya bai wadatar ba, domin yatsu sukan rufe juna. Dole ne a ɗauki yatsan shi kaɗai, ta gaba da kuma ta gefe. A hoton gefe ne likita yake ganin girman guntun da ya ɓalle, kuma ya ga ko bakin ƙasusuwan biyu sun zauna daidai. Idan akwai 'yar gocewa, sai a ga wani giɓi ya buɗe ta bayan gaɓar mai siffar harafin V. Wannan alama ƙarama ce, amma tana nuna cewa gaɓar ba ta zamewa yadda ya kamata.

A shekarar 1998 wasu likitocin hannu biyu na Amurka, Kiefhaber da Stern, suka tsara rabon da ake amfani da shi a ko'ina wajen yanke shawara a kan gocewa ta baya:

1. Idan abin da ya karye bai kai kashi 30 cikin ɗari na fuskar gaɓar ba, galibi gaɓar takan zauna daram bayan an mayar da ita.
2. Idan ya kai kashi 30 zuwa 50, tana tsaka-tsaki. Tana iya zama idan an ɗan tanƙwara yatsan, tana kuma iya zamewa.
3. Idan ya wuce kashi 50, ba za ta zauna da kanta ba, sai da tiyata.

Maganin da Ba Ya Buƙatar Tiyata

Ba kowane irin wannan rauni ake yi wa aiki ba. A rukuni na farko, likita yakan yi allurar kashe zafi a gindin yatsa, ya mayar da gaɓar, ya sake ɗaukar hoto, sannan ya haɗa yatsan da maƙwabcinsa da filasta na makonni uku ko huɗu, majinyaci yana motsa shi.

A rukuni na biyu akan sa wani madogari ta bayan yatsa, wanda yake barin mutum ya tanƙwara yatsan yadda yake so, amma ya hana shi miƙewa har inda gaɓar take zamewa. An bayyana wannan dabara a Amurka a 1972. Kowane mako akan sassauta madogarin da kimanin digiri 10, a ɗauki sabon hoto, har yatsan ya miƙe cikin makonni uku zuwa shida. Wanda aka yi wa wannan dole ya riƙa komawa asibiti mako-mako. Idan ya san nisa ko kuɗin mota ba za su bari ba, gara ya faɗa wa likita tun farko domin a zaɓi wata hanya.

Hanyoyin Tiyata

Manufar kowace tiyata a nan biyu ce: a mayar da gaɓar mazauninta ta riƙa zamewa sumul, a kuma riƙe ta da ƙarfin da zai ba da damar fara motsa ta da wuri. Yawancin ayyukan nan ba sa buƙatar a sa mutum barci. Akan kashe hannun kaɗai da allura a hammata ko a wuya, ko kuma a kashe yatsan da tafin kawai. Wannan hanya ta biyun, wadda likitan Kanada Donald Lalonde ya yaɗa, tana ba majinyaci damar motsa yatsan ana cikin aiki, likita ya ga da idonsa ko gyaran ya riƙe.

(a) Tsinken ƙarfe. Wannan siririyar waya ce mai ƙarfi da ake hudawa ta fata zuwa cikin ƙashi. Likitan Jamus Martin Kirschner ne ya ƙirƙiro ta a 1909, har yau kuma da sunansa ake kiranta. Akan kafa ta a kan ƙashin farko ta zama waigi ta hana gaɓar zamewa, ko a ratsa gaɓar da ita ta riƙe ta gaba ɗaya. Akan zare ta bayan mako uku ko huɗu, ba tare da an sake shiga ɗakin tiyata ba. Ita ce hanya mafi sauƙi da araha, amma idan ta daɗe tana riƙe da gaɓa takan jawo sandarewa.

(b) Tsinke da roba. Idan gindin ƙashin ya rugurguje ta yadda ba za a iya harhaɗa shi ba, akan ratsa tsinken ƙarfe biyu ko uku a yatsan, a lanƙwasa su ta waje, a haɗa su da roba irin ta ɗaure kuɗi. Robar tana jan yatsan a hankali dare da rana, jijiyoyin da ke kewaye da gaɓar su tattaro gutsattsarin ƙashin su daidaita, majinyaci kuma yana tanƙwara yatsansa tun kwanakin farko. Likitan Japan Suzuki da abokan aikinsa ne suka bayyana wannan tsari a 1994. Akan bar shi mako huɗu zuwa shida. Kayan aikinsa ba su da tsada, sai dai yana son tsabta sosai, domin bakin tsinken yakan kama ruwa idan ƙura ko gumi suka shiga.

(c) Buɗewa a ɗaure da ƙusoshi. Idan guntun da ya ɓalle babba ne kuma guda ɗaya, likita yakan tsaga ta ɓangaren tafi, ya mayar da shi gurbinsa, ya ɗaure da 'yan ƙusoshi masu murɗi waɗanda kaurinsu milimita ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi. Wani lokaci akan ƙara da ɗan faranti na ƙarfe. Galibi ba a cire su. Wannan hanya ita ce take mayar da fuskar gaɓa kusan yadda take, amma tana buƙatar ƙwararren likita da kayan aiki na musamman, kuma tana barin tabo a ciki.

(d) Cike giɓi da tantanin tafi. Idan leɓen ya farfashe ƙanana-ƙanana, akan kwashe ɓaraguzan, a jawo tantanin tafi a dasa shi a cikin giɓin ya maye gurbin guringuntsin da aka rasa. Likitocin Amurka Eaton da Malerich sun ba da rahoton wannan aiki a 1980. Ya fi dacewa idan abin da ya karye bai kai rabin fuskar gaɓar ba. Idan ya wuce haka, gaɓar takan sake zamewa, domin tantani ba shi da taurin ƙashi.

(e) Dashen ƙashi daga wuyan hannu. A cikin ƙasusuwa takwas na wuyan hannu akwai wani da ake kira hamet, a ɓangaren ƙaramin yatsa. Bakinsa na baya yana da siffa kusan iri ɗaya da leɓen da ya karye. Likitan Amurka Hill Hastings ya gabatar da dabarar yanko ɗan guntu daga wannan ƙashi tare da guringuntsinsa, a dasa a gindin ƙashin tsakiya, a ɗaure da ƙusoshi biyu ko uku. Ya yi hakan ne a 1999. Ana yin wannan aiki idan fiye da rabin gaɓar ya lalace amma bayan ƙashin yana nan lafiya, ko kuma idan raunin ya tsufa.

(f) Mataki na ƙarshe. Idan gaɓar ta riga ta lalace ƙwarai, saura zaɓi biyu. Ko dai a manne ƙasusuwan biyu su zama ɗaya a ɗan tanƙware, ciwo ya tafi amma gaɓar ba za ta ƙara motsi ba, ko kuwa a sa gaɓar roba. Ga mai aikin ƙarfi kamar noma, ƙira ko gini, mannewa ta fi ƙarko, musamman a manuniya wadda ake matsa abu da ita a kan babban yatsa.

Sauran Gaɓoɓi

A gaɓar ƙarshe, guntun ƙashi yakan ɓalle ta baya tare da jijiyar miƙewa, kan yatsan ya langaɓe ƙasa. Yawanci madogari ya wadatar, muddin an bar shi ba cirewa har mako shida zuwa takwas. Ana yin tiyata ne idan gaɓar ta goce ko guntun ya yi girma. Idan kuwa jijiyar tanƙwarawa ce ta tsinko daga ƙashi, kamar yadda yakan faru ga ɗan kokawar da ya damƙi abokin karawarsa aka fizge, mutum zai ga ya kasa tanƙwara kan yatsan. An fi samun wannan a yatsan zobe, kuma yana buƙatar tiyata cikin kwana bakwai zuwa goma, kafin jijiyar ta janye ta ƙanƙance.

A gindin babban yatsa akwai karayar da likitan birnin Dublin Edward Bennett ya bayyana a 1882, wadda akan samu idan mutum ya kai naushi ko ya faɗi a kan yatsan. Wata jijiya takan riƙa jan ƙashin yana gocewa, shi ya sa filasta kaɗai ba ta cika riƙe shi ba. Akan kafa tsinken ƙarfe na mako huɗu zuwa shida, ko a ɗaure da ƙusa. Wadda ta fi ta muni ita ce wadda Silvio Rolando na Italiya ya bayyana a 1910, inda gindin ƙashin yake rabuwa gida uku ko fiye. Kasancewar babban yatsa ne yake fuskantar sauran huɗun wajen riƙo, sakaci da shi yana rage amfanin hannun gaba ɗaya.

Sakamakon Tiyata

Wajibi ne mu faɗa wa jama'a gaskiya: gaɓar tsakiyar da ta karye ta goce ba kasafai take komawa kamar ba a taɓa ta ba. Abin da ake nema shi ne yatsan da ba ya ciwo, mai ƙarfin riƙo, wanda yake tanƙwarewa daidai bukatar aiki. A yawancin rahotannin likitoci, wanda aka yi wa aiki cikin lokaci yakan samu motsin kimanin digiri 70 zuwa 90, wato ya rasa kaɗan daga miƙewa da kaɗan daga tanƙwarewa.

Wasu alƙaluma za su ƙara haske. A rahoton Eaton da Malerich na 1980, waɗanda aka yi wa aiki cikin makonni shida na farko sun samu matsakaicin motsi na digiri 95, waɗanda suka makara kuwa digiri 78. A kan dashen ƙashin hamet, rahoton 2003 a kan majinyata 13 ya nuna matsakaicin digiri 85, wani kuma na 2009 da ya bi majinyata 22 na tsawon kimanin shekara huɗu da rabi ya nuna digiri 70. Waɗannan sakamako ne na ƙwararrun cibiyoyi inda majinyata suke samun gashi a kai a kai. Har ila yau, binciken da aka tattara bai fifita hanya ɗaya a kan sauran ba a kowane hali. Siffar karayar da ƙwarewar likita su ne suke zaɓar hanya.

Abubuwan da suka fi tasiri a kan sakamako su ne:

1. Lokaci. Aikin da aka yi a mako na farko ko na biyu ya fi sauƙi da kyau. Daga mako na uku ƙashi ya fara haɗewa a karkace. Bayan mako shida likitoci suna ɗaukarsa tsohon rauni.
2. Zaman gaɓa daidai. Ɗan tudu a fuskar guringuntsi bai kai gocewar da ta saura illa ba.
3. Motsi da wuri, bisa umarnin likita.
4. Girman ɓarnar da aka yi tun farko.
5. Lafiyar majinyaci. Shan taba da ciwon suga da ba a kula da shi ba suna jinkirta warkewa.

Matsalolin da Kan Biyo Baya

Sandarewa ce ta fi yawa, musamman kasa miƙe yatsan gaba ɗaya. Sai kamuwar bakin tsinke da ƙwayoyin cuta, wadda akasari takan warke da magani ko da zare tsinken. Akwai kuma sake gocewa, jin zafi a lokacin sanyi, da amosanin gaɓa bayan shekaru. Hoto yakan nuna alamar amosani ga mutane da dama waɗanda su kansu ba sa jin ciwo. Kumburi yakan ɗauki wata shida zuwa shekara kafin ya sauka, gaɓar kuma tana iya zama ta ɗan fi ta ɗaya hannun kauri har abada. Wannan ba alamar cewa aikin ya ɓaci ba ce.

Kulawa Bayan Aiki

Rabin nasara yana hannun majinyaci. A kwanakin farko a riƙa ɗaga hannu, a sha magani yadda aka rubuta, kada a bari bandeji ya jiƙe. Akan cire ɗinki bayan kwana 10 zuwa 14. Ma'aikatan sashen gashin ƙashi za su koya wa majinyaci irin motsin da zai riƙa yi; ya fi amfani a yi shi kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, da a yi da ƙarfi sau ɗaya. A riƙa motsa sauran yatsun, gwiwar hannu da kafaɗa domin kada su ma su ƙage.

Ƙashin yakan haɗe cikin kimanin mako shida, amma aikin ƙarfi kamar huɗa, faskare ko tuƙa babur sai bayan wata biyu zuwa uku. Manomin da ya samu raunin gab da damina ya kamata ya nemi taimakon 'yan'uwa ko gayya tun da wuri. Komawa gona da tsinke a yatsa yana iya rushe aikin baki ɗaya. Idan aka ga mugunya, wari, zazzaɓi, ko tsinke ya yi sako-sako, a koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka sa ba.

Batun Ɗorin Gargajiya

Masu ɗori sun daɗe suna yi wa al'ummarmu hidima, kuma su ne mafi kusa da mutanen ƙauye. Sai dai karayar cikin gaɓa aiki ne na milimita, ba ta ganuwa sai da hoto, hannu kuma ba ya iya lalubo ta a cikin kumburi. Karan ɗori da aka ɗaure yatsa da shi a miƙe yana riƙe gaɓar ne daidai inda take gocewa. Idan kuma aka matse ɗaurin, jini yakan tsaya, nama ya ruɓe, har ta kai ga yanke yatsa. Muna kira ga masu wannan sana'a da su tura duk mai raunin gaɓar yatsa ya ɗauki hoto kafin su taɓa shi. Wannan ya fi muhimmanci ga yara, domin kusa da gaɓoɓinsu ne ƙashi yake tsiro, kuma lahani a wurin yana sa yatsa ya girma a karkace.

Inda Za a Nemi Taimako

Matakin farko shi ne cibiyar lafiya mafi kusa, inda za a tsabtace rauni a ba da takardar turawa. Daga nan sai babban asibitin da yake da na'urar ɗaukar hoton ƙashi. Idan hoto ya nuna karaya a gaɓa, a nemi ganin likitan ƙashi ko likitan gyaran fata da hannu. A arewacin ƙasar nan akwai Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, da asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri da na Jos. A tafi da hotunan da aka riga aka ɗauka, a kuma riƙe ranar da raunin ya faru. Wanda yake da rajistar inshorar lafiya ya tambayi abin da rajistarsa ta ɗauke masa kafin ranar aiki.

Nauyin da Ke Kan Shugabanni

Muna roƙon hakimai, dagatai da masu unguwanni su isar da wannan saƙo a majalisu, kasuwanni da tarukan ƙungiyoyin manoma, 'yan acaɓa da matasa masu wasanni. Kansiloli da shugabannin sassan lafiya na ƙananan hukumomi su san asibiti mafi kusa da ake ɗaukar hoto a yankinsu da ranakun da likitan ƙashi yake zama, su sanar da jama'a. Ma'aikatan cibiyoyin lafiya kada su sallami mai kumburarriyar gaɓar yatsa da maganin ciwo kawai, su rubuta masa hoton gefe, su kuma rubuta ranar raunin a takardar turawa. Masu injin niƙa da na casa su rufe bel ɗin injinsu, makiyaya kuma su daina naɗe igiyar dabba a yatsu.

Kammalawa

Hausawa sun ce tun ice yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk yatsan da ya kumbura a gaɓa bayan bugu ko faɗuwa, ya karkace ko ya ƙi tanƙwarewa, a ɗauki hotonsa cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan targaɗe ne, an yi asarar kuɗin hoto kawai. Idan kuwa karaya ce da gocewa, an same ta a lokacin da tsinken ƙarfe guda ko ɗan madogari zai iya gyara ta, kafin ta kai matsayin da sai an yi dashen ƙashi ko an manne gaɓar.